Gyaran Bututun Man Kuloci da Yadda Ake Buɗa Bakinsa

Da daminar da ta wuce aka jawo wata bas ƙirar Hiace garejinmu da igiya. Direban ya ce yana tafe da fasinja cike, ya iso kwana zai rage giya, yana taka kuloci sai feda ta tafi ƙasa ta zauna. Da na shiga ƙarƙashin motar na haska fitila, sai ga bututun man kuloci ja wur, irin wanda masu gyaran firji ke aiki da shi, ya tsage daidai bayan noti. Zaren notin kuma an naɗe shi da farin tef na masu gyaran famfo. Wanda ya yi aikin nan a zatonsa zaren noti ne ke tare mai, shi ya sa ya cika shi da tef. Alhali zare matsewa kawai yake yi. Abin da ke tare mai shi ne bakin bututun da aka buɗa, wanda noti ke dannawa a kan mazauninsa, ƙarfe a kan ƙarfe, ba roba ba gam. Idan bakin nan ya fita daidai, aiki ya yi. Idan bai fita ba, ko ka ɗaure noti har sufana ta lanƙwashe sai ya yi yoyo. Saboda haka a kan bakin nan zan fi daɗewa.

Ka fara tabbatar da cewa bututun ne

Kuloci mai aiki da mai yana da famfo biyu. Na sama, wanda muke kira masta, yana bayan feda. Na ƙasa yana jikin giyabos. Tsakaninsu akwai bututun ƙarfe, sannan ɗan guntun tiyon roba a inda bututun zai tsallaka daga jikin mota zuwa giyabos, saboda inji na motsi, jikin mota kuwa ba ya binsa. Mai na iya zuba ta kowanne daga cikin huɗun nan.

Goge ko'ina da tsumma ya bushe, ka cika kofin mai, ka sa yaro ya riƙa taka feda kai kana bi da fitila. Leƙa saman feda daga cikin mota: idan kafet ya jiƙe ko fenti ya kwaile a wurin, masta ce. Ja robar da ta rufe bakin famfon ƙasa. Idan mai ya zubo daga ciki, shi ne. Idan mai na ɗiga daga ƙasan kaskon giyabos, motar na da irin famfon da ke zaune a ciki, kuma wannan sai an sauke giya. Tiyo kuwa ka riƙe shi a hannu lokacin da ake takawa, in ka ji yana kumbura ya mutu, kuma ba a gyara shi, sabo ake sawa.

Bututun ƙarfe yakan lalace a wurare uku: ƙarƙashin kilif inda laka ke taruwa, inda yake gogar wani ƙarfe, da kuma bayan noti. Motocin Beljiyam sun fi fama da na farkon, domin a ƙasashen da suka fito gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan ya riga ya fara cin bututun tun kafin mota ta hau jirgin ruwa. Akwai kuma sababbin motoci da bututunsu na roba ne mai tauri, ana cusa shi a kulle da ɗan kilif. Wannan ba a buɗa masa baki, ba a yi masa faci. A sayo wani.

Baki iri uku ne, kada ka haɗa su

Na farko falan ɗaya ne: an buɗa bakin bututu kamar mazurari, shi ke nan. Shi masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ke yi. A bututun ƙarfe na mota leɓensa yakan yi siriri ya tsage, don haka ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Na biyu mai ninki ne. Shi ma mazurari ne mai kusurwar digiri 45, amma an ninka leɓen zuwa ciki ya zama ruɓi biyu. Shi za ka tarar a yawancin motocin Japan, irin su Toyota da Nissan, da tsofaffin motocin Amurka.

Na uku mai kumburi ne. Ba a buɗa shi waje, dunƙule shi ake yi ya yi kamar kan maɓalli, bayansa a shafe. Shi ne na yawancin motocin Turai, irin su Volkswagen da Peugeot da Mercedes.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka dubi tsohon bututun. In ya lalace har ba a gane shi, leƙa cikin ramin da notin ke shiga. Idan ka ga ɗan tsini ya taso a tsakiya kamar tsibi, mai ninki yake jira ya hau kansa. Idan ramin ya lotsa ciki kamar ƙoƙo, mai kumburi ne zai zauna. Mota ɗaya na iya ɗaukar wani iri a wannan ƙarshen, wani iri a wancan, musamman in an taɓa canja mata famfo, saboda haka ka duba duka biyun.

Kaurin bututu mafi yawa shi ne inci 3/16, wato milimita 4.75, ko da yake wasu motocin na amfani da mai milimita 6 ko inci 1/4 a layin kuloci. Noti kuma galibi M10 ne, wato mai kaurin milimita 10, da tazarar zare milimita 1, wasu M12. A nan akwai tarko. Notin Amurka mai inci 3/8 da zare 24 a kowane inci kaurinsa wajen milimita 9.5 ne, yana shiga ramin M10 sumul kamar nasa, sai ka zo ɗaurewar ƙarshe ya zame ya cinye zaren famfon. Idan za ka Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka jefa tsohon notin a aljihu, ka gwada su kafaɗa da kafaɗa a gaban mai shago.

Wane bututu za ka saya

Bututun da mota ke zuwa da shi daga kamfani falle ne na ƙarfe da aka naɗe sau biyu aka liƙe da jan ƙarfe, ana kiransa Bundy, sunan mutumin da ya ƙirƙiro shi a Amurka. Yana da ƙarfi, mayen ƙarfe na kama shi, amma yana tsatsa kuma yana ba da wuya wajen buɗa baki. Akwai kuma na gamin jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, wanda ake sayarwa da sunan Cunifer. Kamfanin Volvo ya koma kansa tun 1976. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu, bakinsa na fita da kyau. In ka same shi, shi na fi so. Launinsa ya fi na jan ƙarfe zalla kodewa.

Jan ƙarfe zalla kuwa, na firji, a bar shi inda yake. Yana da laushi ranar da aka sa shi, amma girgizar inji na sa shi ƙara tauri a hankali har ya yi gautsi ya karye, kuma kusan kullum a bayan noti yake karyewa, kamar na bas ɗin can. Haka walda da gas, haka cusa tiyon fetur a ɗaure da waya, haka mahaɗi mai zobe na masu famfon ruwa, duk a bar su. Wani zai ce ai matsin kuloci bai kai na birki ba. Gaskiya ne, amma motar da ta rasa kuloci a tsakiyar mararraba ko a gangare da kaya ba ƙaramin haɗari ba ce. In babu sabon bututu a garinku, gara ka ciro lafiyayye daga jikin motar da aka yanka.

Kayan aikin ba su da yawa: na'urar buɗa baki, wadda ake ce wa filarin, amma mai 'yan maɓallan ninki, ba ta masu firji ba, abin yanka bututu mai faifai, magagari mai laushi, samfefa, abin lanƙwasa bututu, sirinji da siririn tiyo mai gani-har-hanji, da sufanar bututu, wadda bakinta zobe ne da aka ɗan tsaga. Lamba 10 ce ke kama yawancin na Japan, lamba 11 na Turai.

Kwance tsohon

Ɗaga mota ka tokare ta da abin tokara na ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai. Zuƙe man kofi da sirinji. A motoci irin su Sharan da wasu Peugeot 406 kofi ɗaya ne ke ba birki da kuloci, sai dai mashigar kuloci an ɗaga ta sama don in ya yi yoyo kada birki ya rasa mai. A irin waɗannan ka zuƙe zuwa ƙasan mashigar kawai. Man nan yana cin fenti, duk inda ya ɗiga a wanke da ruwa nan take, in ya faɗa ido kuma a yi ta kwarara ruwa.

Kankare notin da buroshin waya, fesa masa man sassauta tsatsa, ka ba shi lokaci. Sa sufanar bututu ta zauna sosai, ka ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan tukuna, sannan ka juyo baya. Ka lura ko bututun na juyawa tare da notin, domin in sun manne zai murɗe. Idan dai sabo za ka sa, kada ka wahalar da kanka: datse bututun daf da noti ka ɗora soket mai kusurwa shida. Wuta kuwa ban yarda da ita ba a nan, man na kamawa, kuma sau da yawa layin fetur na kusa. Toshe ramukan famfo kada ƙasa ta shiga. Tsohon bututun ka fito da shi yadda yake, ba tare da ka miƙe shi ba, don shi ne ma'auninka.

Faci na yiwuwa idan wuri ɗaya ne ya goge kuma sauran bututun fes yake: a yanke ruɓaɓɓen, a buɗa baki a kowane gefe, a haɗa da mahaɗi mai zare irin na birki. Amma layin kuloci gajere ne, kuma tsatsar da ta huda wuri ɗaya ta riga ta ci sauran. Ni dai nakan canja duka.

Yanka da gyaran baki

Bi tsohon bututu da igiya ka samu tsawonsa, ka ƙara kamar santimita 3. Miƙe sabon a kan teburi. Ɗora abin yanka, ka matsa faifan ya taɓa kawai, ka zagaya sau biyu, ka ƙara matsi kaɗan, ka sake zagayawa. Mai gaggawa da ke matsewa da ƙarfi yana tura leɓen ciki, yana kuma taurara ƙarfen, daga baya bakin ya tsage ya rasa dalili.

Yawancin bakin da ya lalace a wannan matakin ya lalace, tun kafin a taɓa na'ura. Goge fuskar da magagari ta kwanta daidai, ba karkace ko kaɗan. Kankare gemun da yankan ya bari a ciki da tsinin wuƙar da ke jikin abin yankan, ko bakin diril da kake juyawa da yatsu, kana riƙe da bututun baki a ƙasa don garin ƙarfe ya zube waje. Sannan ka ɗan fiƙe gefen waje da magagari zagaye, kaɗan kawai. Wannan ne ke sa leɓen ya yarda ya ninku ciki. In bututun na da rufin roba ko fenti, cire shi tsawon wurin da na'ura za ta kama. Hura iska ta ciki.

Yanzu zura noti, zarensa na kallon bakin da za ka buɗa. Kowane yaro da na koya wa aikin nan sai da ya taɓa fitar da baki mai kyau, ya ɗago yana murna, sannan ya hangi noti a kan teburi. Baki in ya buɗu noti ba ya wucewa, sai a yanke a sake. Ka mayar da shi ɗabi'a: noti a jiki kafin bututu ya shiga na'ura.

Buɗa baki mai ninki

Na'urar sanda biyu ce ta ƙarfe da ke haɗuwa, da ramuka daban-daban a tsakaninsu. Kama ta a bais ɗin teburi don hannayenka su samu sarari. Sa bututun a ramin da ya dace da kaurinsa, ta fuskar da ramin ke da lotsawa. Ɗauki maɓallin ninki mai lamba ɗaya da bututun, ka kife shi kusa da bututun a kan sandar. Za ka ga yana da ɗan mataki a jikinsa. Bututun ya leƙo daidai tsayin matakin nan, ba sama ba ƙasa. In ya wuce, bakin zai yi girma ya karkace, noti ya kasa rufe shi. In bai kai ba, ninkin zai fito ɗan mitsitsi.

Ɗaure notin sandar da ya fi kusa da bututu tukuna, sannan na nesa, ka ɗaure su tamau. Idan bututun ya zame ƙasa lokacin matsi, aikin ya tashi, za ka ga shaidar karce a jikinsa.

Ɗiga man birki a bakin bututu da hancin maɓalli. Man birki na ce, ba baƙin mai ko giris ba, domin ɗigon man inji da ya shiga layi ya isa ya kumbura robobin famfo. Juyo maɓallin, ka zura hancinsa cikin bututun, ka ɗora mazugin na'ura a kansa. Tsaya ka duba ta gaba da ta gefe cewa komai a tsaye yake cak. Fara murɗawa a hankali. Za ka ji tauri, sannan ya ɗan saki, sannan ya tsaya lokacin da maɓallin ya kwanta a kan sanda. Nan za ka tsaya. Warware, cire maɓallin. Abin da za ka gani ya yi kama da wuyan tulu, kumburinsa daidai ta kowane gefe. In ya karkata gefe guda, mataki na biyu ba zai miƙe shi ba, yanke ka sake.

Sake ɗiga mai, ka saukar da mazugin kai tsaye cikin bakin. Yana shiga yana ninka leɓen ciki. Da ka ji ya yi tauri sosai, dakata. Kada ka matse shi ya zama kamar takarda. Ana so a bar masa ɗan sauran laushi, wanda notin zai ƙarasa dannewa a kan mazauninsa, kuma wannan dannewar ta ƙarshe ce ke rufe hanyar mai.

Fito da shi ka kai haske. Ramin ya zauna a tsakiya, faɗin leɓen ya zama ɗaya zagaye, cikin mazurarin sumul. Bi gefen da farce. In farcenka ya maƙale a wani wuri, tsaga ce. Jawo noti ka ga ya rufe bakin yana juyawa ba tare da cijewa ba. Wanda bai taɓa yi ba ya yanki guntaye biyar ko shida ya gwada hannunsa kafin ya taɓa na mota.

Mai kumburi matsi ɗaya ne kawai, da maɓallinsa na daban, kuma ta fuskar sandar da ke a shafe ake yin sa don bayansa ya fito a kwance. Wasu na tsayawa a matakin farko na mai ninki su ce sun yi mai kumburi. Da ido suna kama, amma bayan wancan a gangare yake, notin Turai ba ya zama a kansa daidai.

Lanƙwasa da ɗaurawa

Buɗa baki ɗaya, ka jera sabon bututu da tsohon, ka riƙa kwaikwayon kwanoninsa ɗaya bayan ɗaya kana ɗaure su tare da tef. Bar aƙalla santimita 4 a miƙe bayan kowane baki don noti ya samu wurin ja da baya. Idan ba ka da abin lanƙwasa, naɗa shi a jikin babban soket ko bututun ruwa kana bi da manyan yatsu. Duk inda ya karye ya toshe, ba ya gyaruwa. In tsohon na da naɗi kamar gammo kusa da masta, ka yi wa sabon, don shi ke shanye girgiza. Gwada shi a mota, yanke rarar, zura noti na biyu, buɗa ɗaya bakin, ka sake hura iska.

Wajen ɗaurawa, bakin bututu ya shiga raminsa a miƙe da kansa, ba noti ne zai jawo shi ba. Fara zaren da yatsu, zagaye uku ko huɗu, a ƙarshen biyu kafin ka ɗauki sufana. Masta da yawa na alminiyom ne, zarensu ba ya jure kuskure. Littattafan gyaran Toyota da dama na ba da kusan 15 Nm ga notin nan, wato ɗaurin hannu ɗaya da gajeriyar sufana. Mayar da kowane kilif, ka nisanta bututun da salansa da sandar sitiyari da duk abin da zai goge shi.

Fitar da iska

Zuba man da aka rubuta a murfin kofi, DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da ka fasa da hannunka. Man nan yana shan danshin iska: sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. Mai lamba DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da su.

Sa tiyon nan mai gani-har-hanji a kan ɗan notin fitar da iska na famfon ƙasa, ɗaya ƙarshen a cikin kwalba mai ɗan mai. Yaro ya zauna a kujerar direba.

"Taka sau uku a hankali, ka danne."

"Na danne, Oga."

Ka buɗe notin kwata, mai da kumfa su fito, ka rufe, sannan ka ce ya saki. Kada ya saki kafin ka rufe, in ba haka ba iska za ta koma. Da farko fedar kan zauna a ƙasa, sai ya ɗago ta da hannu, wannan ba matsala ba ce. Kofin kuloci ƙarami ne, ka leƙa shi bayan kowane zagaye uku. Idan iska ta ƙi fita, cika sirinji da mai ka tura ta notin ƙasa zuwa sama a hankali. Iska dama sama take so, za ka ga kumfa na ɓullowa a kofi. Ka riƙa rage man kofin kada ya malalo.

Da feda ta yi nauyinta, goge mahaɗan su bushe, a danne ta rabin minti, ka manna farar takarda a kowane noti. In ka ga danshi, sassauta notin ka sake ɗaurewa sau biyu don bakin ya zauna. In bai daina ba, bakin ne, a kwance a sake shi. Tada inji, taka kuloci, ƙirga uku, ka sa ribas: ya kamata ta shiga ba ƙara. Zagaya da motar har inji ya yi zafi, ka sake bi da takarda. Kafin mai mota ya tafi, yi wa kofin alama daidai inda mai ya tsaya, ka ce ya dawo bayan kwana uku a duba alamar tare.